Irin Malamin Da Ya Dace Da 'Ya'yan Makiyaya

Jawabin da aka gabatar a taron makiyaya da fataken shanu a Garwa



An ɗora mini in yi magana a kan malamin makaranta, wato wane irin mutum ne ya cancanta a danƙa masa 'ya'yanmu, kuma mene ne aikin da ya rataya a wuyansa. Ni dai ba malami ba ne, karatuna na boko iyakarsa firamare. To amma rabin abin da zan faɗa kowane mai shanu ya riga ya san shi. Babu ɗayanmu da zai ɗauki yaron kiwo ya miƙa masa sanda ba tare da ya binciki halinsa ba, ya ga ko ya san daji, ko ya iya gane saniyar da ba ta da lafiya tun kafin ta kwanta. Sai ga shi idan aka zo kan yaran da za su gaji shanun, duk wanda ya zo da alli a hannu sai mu ce madalla.

A shekarar 2000 ne gwamnatin Kamaru ta ce karatun firamare kyauta ne a makarantunta. Amma kun sani, a ƙauyukan Binuwai da Mayo-Rey da Faro da Mayo-Luti malaman da gwamnati ke turowa ba sa isa. Sau da yawa ƙungiyar iyayen yara da malamai, wadda ake kira APEE, ita ce ke ɗaukar wani ta riƙa biyansa daga aljihun iyaye, shi ake kira malamin iyaye. Ke nan a wurare da yawa mu ne masu ɗaukar malami, kuɗin nononmu da na bajimanmu ne albashinsa. Wanda kuwa ke biya yana da hakkin ya san abin da yake saye.

Me ya sa muka damu da karatun nan? Idan shanu suka shiga gona, dokar shekarar 1978 ta ce kwamitin da sufirefe ke shugabanta, wato mai mulkin gunduma, shi ne zai duba rigimar manomi da makiyayi. Da Faransanci ake rubuta abin da aka yanke, mu kuwa mu dangwala yatsa a kan takardar da ba mu san abin da ke cikinta ba. Takardar rigakafi da ta wucewa da shanu, da Faransanci suke. Kwalbar maganin sammore da muke saye a kasuwar Adumri ko Pitowa ko Ngong, a jikinta aka rubuta yawan da za a ba saniya gwargwadon nauyinta, da ranar da maganin zai lalace. Rugar da ba ta da mai karatu, a kowace shekara tana biyan kuɗin rashinsa.

Yanzu bari in warware maganar makaranta mai harsuna biyu, domin akan samu ruɗani. A bakin hukuma, harsuna biyu na nufin Faransanci da Ingilishi, waɗanda ƙasar nan ta riƙa tun haɗewarta a 1961. Wannan yana da kyau, musamman ga fataken da ke kai shanu Mubi da Yola. Amma yaron ruga mai shekara shida, ranar da ya shiga ajin farko, wato SIL, babu ko ɗaya daga cikin biyun da yake ji. Fillanci yake ji, wani kuma Hausa. Saboda haka makarantar da nake nufi ita ce wadda yaro zai fara koyon karatu da rubutu da lissafi da harshen da ya tsotsa, ana koya masa Faransanci da baki a gefe, sannan a riƙa ƙara masa shi sannu a hankali har ya iya ɗaukar darasi da shi kafin jarrabawar CEP.

Kada wani ya ce wannan ƙirƙirarmu ce. Tsarin mulkin ƙasa na 1996 ya ɗora wa gwamnati kare harsunan gida da ɗaukaka su, haka ma dokar ilmi ta ranar 14 ga Afrilu 1998 ta sa su cikin manufofinta. Tun 1978 Farfesa Maurice Tadadjeu da abokan aikinsa a Jami'ar Yawunde suka soma shirin PROPELCA na koyarwa da harsunan gida. A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram a 1973. A Ife ta Nijeriya, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishi. A ƙasar Kom, a yankin Arewa maso Yamma, an yi irin wannan gwaji daga 2007, yaran da aka fara da harshensu suka fi sauran a karatu da lissafi. Har ila yau shirin ELAN na ƙasashe masu amfani da Faransanci, wanda aka ƙaddamar a Bamako a 2012, ya sa Fillanci cikin harsunan da aka zaɓa a Kamaru. Doka tana nan, hujja tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin da zai iya aikin.

To, ga sharuɗɗan da ya kamata mu duba.

Na farko, ya kasance ya koyi aikin koyarwa. Sanin abu daban, iya koyar da shi daban. Akwai makarantun horon malamai da ake kira ENIEG, har da nan Garwa, kuma takardar da aka san su da ita ita ce CAPIEMP. Akwai matasa masu wannan takarda da ke zaune suna jiran gwamnati ta ɗauke su. Idan za mu ɗauki malamin iyaye, mu fara neman irinsu. In ba a samu ba, wanda aka samu a nema masa horo wurin sufetan makarantu na gunduma, kada a bar shi da dabararsa kaɗai.

Na biyu, ya ji harshen yaran, kuma ya iya karanta shi da rubuta shi. A nan ne ake yawan yin kuskure. Kusan kowa a Garwa yana jin Fillancin kasuwa, amma wanda ya iya ciniki da harshe ba lalle ne ya iya koyar da karatu da shi ba. Fillanci yana da ƙa'idar rubutu tun taron Bamako na 1966, yana da baƙaƙe irin su ɓ da ɗ da ƴ da ŋ waɗanda babu su a Faransanci. Gwajin ba shi da wuya. A ba shi takarda ya rubuta jimla biyar da Fillanci ko Hausa, a kai wa wani mai karatu ya karanta, a ji ko abin da aka faɗa ne ya fito. Bugu da ƙari, Fillancin ruga ya ɗan bambanta da na gari, kada malam ya yi wa yaro dariya don ya faɗi kalma yadda uwarsa ke faɗinta.

Na uku, Faransancinsa ya zama mai kyau. Ba mu kai yara makaranta don su tsaya a Fillanci ba, wannan suna da shi a gida. Malamin da ya ɓuya a bayan harshen gida domin nasa Faransancin ya yi rauni, zai kai yaran bakin kogi ne ya bar su.

Na huɗu, ya san al'adarmu. Yaron Fulani ba ya kallon babba ido cikin ido, kuma yana jin nauyin ambaton sunan mahaifinsa. Malamin da bai san kunyar da muke kira semteende ba, zai tambayi yaro sunan ubansa, yaro ya sunkuyar da kai ya yi shiru, sai malam ya ɗauka taurin kai ne ko daƙiƙanci. Daga ranar nan an ɓata tsakaninsu. Shi ya sa nake roƙon mu bar wasu daga cikin 'ya'yanmu, maza da mata, su yi nisa har su shiga horon malanta. Malama mace ɗaya daga cikinmu za ta sa iyaye da yawa su saki jiki su bar 'yan mata a aji.

Na biyar, ya zama mai zama. Malamin da iyalinsa ke birni, ya zo Talata ya koma Alhamis, komai yawan takardunsa ba zai amfane mu ba.

Sai kuma aikin da ke kansa. Masana suna cewa a makarantar kirki yaro ne abin dubawa, daga gare shi ake farawa. Ma'anarsa a wurinmu ita ce, idan garke zai tashi ba a auna tafiyar yini da ƙafar bijimi, da ta ƙaramin maraƙi ake auna ta. Malam ya san kowane yaro da sunansa, ya san wanda ya gane da wanda aka bari a baya, ya san wanda ba ya ji sosai ko ba ya gani daga nesa ya matso da shi gaba.

Ya fara da abin da yaro ya zo da shi. Yaron da ya iya rarrabe shanu hamsin da kamanninsu, ya san wadda ba ta dawo ba tun kafin a ƙirga, ba a ce masa bai san komai ba. A Fillanci shida biyar da ɗaya ce, bakwai biyar da biyu, wato yaro ya zo da tarawa a bakinsa. Malamin da ya lura da haka zai gina lissafi a kai, kuma ranar da aka zo tamanin, wadda Faransawa ke kira ashirin huɗu, ba za ta zama abin tsoro ba. A bar yara su yi magana, su yi tambaya, su ba da labarin mashekari da burtali, a rubuta a allo su karanta maganarsu da kansu. Aji ba wurin maimaita abin da ba a gane ba ne.

Ya ajiye bulala. Dokar 1998 da na ambata ta hana dukan ɗalibai. Mu da muka yi firamare a da mun san abin wuyan nan da ake rataya wa duk wanda aka kama yana Fillanci, ya yi ta farautar wani da zai miƙa wa kafin a tashi. Da yawa daga cikin abokan karatuna wannan ne ya kore su, suka koma daji ba su iya rubuta sunansu ba.

Ya yi la'akari da tashin rani. Ana buɗe makaranta a watan Satumba a rufe a Yuni, mu kuwa tsakiyar wannan lokaci ne ruwa da ciyawa ke ƙarewa, garke ya nufi fadama. Malam ya zauna da ardo tun da kaka a san yaran da za su tafi da waɗanda za a bari wurin tsofaffi, a ba masu tafiya abin karantawa, a kuma shirya musu ramuwa idan sun dawo. Nijeriya ta kafa hukumar ilmin makiyaya a 1989, mai hedkwata a Kaduna, kuma cikin dabarun da ta gwada har da makarantar da ke bin ruga. Muna iya koyon abin da ya yi kyau a can da abin da bai yi ba.

Ya rubuta sunayen yaran da ba su da takardar haihuwa tun a ajin farko ya sanar da iyaye. Yara da yawa sun kai CM2 sannan rashin wannan takarda ya tsaya musu a gaban jarrabawa, alhali neman ta a makare sai an bi ta kotu.

Na ƙarshe, ya yi adalci tsakanin yara. A aji ɗaya za ka samu ɗan Bafulatani da ɗan Fali da Gidar da Tupuri da Mafa, iyayensu kuwa wataƙila jiya suka yi cacar baki a bakin gonar auduga. Kada malam ya bari a kira wani ɗan daji, kada kuma ya fifita namu a kan na manoma. Waɗannan yara su ne za su zauna a kwamitin sasanta rigima nan gaba.

Jama'a, mu ma da namu nauyin. Malamin da aka yi wata uku ba a biya shi ba, ba mu da bakin tuhumarsa. A yanke abin da za a ba shi, a rubuta, a biya kan lokaci, a sama masa ɗaki da ruwa. Kada ranar kasuwa ta zama ranar kwashe yara daga aji. A shiga APEE a riƙa halartar taronta, domin a can ake yanke shawara, wanda ba ya nan kuwa an yanke da shi. Ko ba ka yi boko ba kana iya auna malam. A ƙarshen shekara ka kira ɗanka da yamma, ka faɗi magana da Fillanci ka ce ya rubuta, ka kai wa wani ya karanta maka. In ta fito daidai, malam yana aiki. Bayan shekara uku ko huɗu ka miƙa masa kwalbar magani ya fassara maka abin da ke jiki.

Ina roƙon kowane ardo, kafin a buɗe makaranta a Satumba, ya tara mutanensa su je su ga shugaban makarantar da ke kusa da su, su tambaye shi malamai nawa ne gare shi, su wa ke jin harshen yaran, kuma wa zai riƙe ajin farko. Ajin farko shi ya kamata a ba malamin da ya fi kowa ƙwarewa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da kuka samo ku kawo wa ƙungiya, mu haɗa mu kai wa sufeta a rubuce.