Idan Kalkuleta Ta Daskare, Kar Ka Yi Gaggawar Goge Ta

Maganarmu ta yau a kan kalkuleta ce, irin wadda ake rubuta wa umarni ta adana, kamar Casio fx-5800P da ɗaliban Jami'ar Gadarif da masu awon gonaki suke riƙewa. Kana tsakiyar lissafi sai ta tsaya cak. Mutane da yawa nan take suke goge komai, aikin wata guda ya tafi a banza. Ɗan'uwa, dakata tukuna, bi ta daki-daki.

Da farko danna AC/ON. Sau da yawa ba lalacewa ta yi ba, umarnin da ka rubuta ne yake ta zagaye, Goto yana mayar da ita kan Lbl ba tare da ƙofar fita ba. Wannan maɓallin zai katse ta.

Na biyu, karanta abin da ta rubuta maka, don ba ta yin ƙorafi haka kawai. Syntax ERROR na nufin akwai kuskure a rubutun, wataƙila baka ko waƙafi ba ya wurinsa. Math ERROR na nufin ka nemi abin da ba ya yiwuwa, kamar raba lamba da sifili. Go ERROR kuma, ka aike ta wurin da babu Lbl ɗinsa. Danna kibiyar hagu ko ta dama, za ta kai ka inda matsalar take.

Na uku, batir da zafi. Idan rubutu ya dusashe ko tana mutuwa da kanta, sauya batir, ka goge bakin ƙarfen idan ya yi tsatsa. Kamfanin ya ƙayyade mata aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu kan wuce haka. Kar ka bar ta a gaban mota ko kan tarakta. Kai ta inuwa ta huce.

Sai duk waɗannan sun ƙi, sannan ka taɓa ɗan ramin nan na bayanta da tsinke. Ka sani fa, abin da ba a adana ba zai iya salwanta. Shi ya sa kowane umarni da ka rubuta, kwafe shi a littafi tun ranar. Takarda ba ta daskarewa.

To, ga inda haɗarin yake. Bayan ta farfaɗo, kar ka amince da ita sai ka gwada ta. Buga sin 30. Idan ta ba ka 0.5, ma'aunin kusurwa yana kan digiri. Idan ka ga -0.988, tana kan radiyan, kuma duk awon da ka yi da kusurwa zai karkace. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. A gonar dawa ko riɗi mai faddan ɗari biyar, ƙaramin kuskure ya isa ya tura iyakarka cikin ta maƙwabci, a wayi gari ana gaban alƙali. Saboda haka ajiye lissafi guda da ka san amsarsa, ka fara gwada ta da shi kafin ka fita awo ko ka shiga jarrabawa.

Allah ya ba da sa'a. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.