Kafin Gari Ya Waye

Yau za mu duba 1 Sama'ila sura 25.

A sura 24 Dawuda ya sami Sarki Saul cikin kogo, mutumin da ke farautar ransa, amma ya ƙyale shi. Sai ga shi a sura ta gaba ya rataya takobi saboda baƙar magana kawai. Dawuda da mutanensa sun tsare makiyayan wani attajiri mai suna Nabal a jeji, ko ɗan rago bai ɓace ba. Da lokacin sausayar tumaki ya yi, Dawuda ya aika roƙon abinci, Nabal ya kori manzanninsa da zagi. Nan take Dawuda ya tashi da mutum wajen 400, ya rantse zai hallaka kowane namiji a gidan kafin gari ya waye.

Haka muke, 'yan'uwa. Ɗan hakin da muka raina shi ke tsone mana ido. Mukan jimre babban tsanani, amma akuyar maƙwabci ta ci mana gero, ko a yaɓa mana magana a taron dattawa, sai mu daina gaisuwa. Ran Lahadi kuwa mu zauna benci ɗaya, mu ci Jibin Ubangiji.

Abigail matar Nabal ta labta wa jakuna gurasa 200 da gyararrun tumaki 5, ta tarye Dawuda a hanya. Ba ta wanke mijinta daga laifi ba. Ta dai tuna wa Dawuda cewa jinin da zai zubar yau zai dami lamirinsa ranar da ya hau gadon sarauta. Dawuda ya saurara, ya yabi Allah, ya juya. Bayan kamar kwana 10 Nabal ya mutu, hannun Dawuda kuwa ba jini.

Gafartawa ba musun laifi ba ne. Mayar da takobi kube ne, da barin shari'a a hannun Allah, wanda ya yafe mana ta wurin gicciyen Ɗansa. Wa muke riƙe da shi a zuciya? Mu je wurinsa yau, kada mu jira ya fara zuwa.

Ya Ubangiji, ka tare mu a hanyar fushi, ka koya mana yafewa. Amin.