Kilarinet da Ɗan'uwanta na Karan Dawa



An nemi in yi magana a kan kilarinet, baƙin abin busan nan na katako da ake gani a babbar ƙungiyar makaɗan Turawa, wato okestira. Mutane da yawa suna ɗaukarta 'yar'uwar algaita, amma ba su haɗa gida ba. Algaita harshe biyu gare ta a baki, cikinta kuma yana ƙara faɗi zuwa ƙasa. Kilarinet harshe ɗaya gare ta, cikinta miƙaƙƙe kamar kara. Ɗan'uwanta a ƙasar Hausa shi ne tilboro, wanda yara kan yanka daga karan dawa bayan girbi, su tsaga masa ɗan harshe, su busa a kaikaice. David Ames da Anthony King sun ambace shi a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971.

Ta Turawa kuwa, wajen 1700 ne Johann Christoph Denner ya ƙera ta a Nuremberg ta Jamus. A okestira akasari mabusa biyu ne: na farko ya ɗauki karin waƙa, na biyu ya tallafe shi daga ƙasa. In aka ƙara na uku, yawanci shi ke riƙe babbar kilarinet, wadda muryarta ke ƙasa da ta ƙaramar da mataki takwas. Meyerbeer ya ba ta fili ita kaɗai a wasansa Les Huguenots a 1836, sa'an nan Adolphe Sax ya gyara ƙirarta a Brussels a 1838.

To, a nan mai rubuta kiɗa kan yi tuntuɓe. Abin da aka rubuta wa babbar kilarinet ba shi kunne ke ji ba. Sautin kan fito mataki tara ƙasa da rubutun. Ban da haka, ƙirarta iri biyu ce. Gajeruwar tana tsayawa a E-flat a rubuce, doguwar tana gangarawa har C, daidai da ƙasan muryar basun. Wanda ya rubuta C ɗin nan bai tambayi wace iri ce a hannun mabushinsa ba, ranar wasa sai dai a yi shiru a wurin, ko a ɗaga sautin sama, nauyin da ake nema ya tafi. A ganina ma don wannan ƙasan ake ɗaukar wahalarta, in ba haka ba ƙaramar ta wadatar.

Mu dawo gida. Gyadi-Gyadi da Tarauni a da bayan gari ne, akwai gonaki. Yau gidaje da shaguna sun cinye su, yaron da aka haifa a bakin titin Zariya ba lallai ya taɓa ganin tilboro ba. Amma dattawan da suka busa shi suna nan a unguwannin. Ina roƙon wannan ƙungiya ta tura mutum biyu da waya da damin kara bayan girbin bana, a sa su yanka, a auna tsawonsa, a ɗauki sautinsa.