Awo Kafin Canji: Binciken Ƙin Tashin Tsofaffin Ƙananan Motoci a Ijora da Agege

Magana ɗaya wannan takarda ta zo da ita: idan tsohuwar ƙaramar mota ta ƙi tashi, bai kamata a aiki mai ita sayen kaya ba sai an auna an gano inda cutar take, kuma shi wannan awon aiki ne da ya cancanci a biya shi kuɗinsa daban. Motocin da nake nufi su ne waɗanda talakanmu ke neman abinci da su tsakanin Ijora, Idi-Araba, Mile 12 da Agege: Golf 2 da Golf 3, Nissan Micra, Toyota Starlet, Peugeot 206, da 'yan ƙananan bas-bas ɗin nan na Suzuki da ake kira korofe, waɗanda suka ƙara yawa bayan gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan hanyoyi a watan Fabrairun 2020. Kusan dukkansu tokumbo ne, sun gama ƙuruciyarsu a ƙasashen waje kafin a sauke su a tashar Apapa ko Tin Can. An fara ƙera Golf 3 a 1991, 206 kuwa a 1998. Ke nan wayoyin da ke cikin wasunsu sun girmi yaran da ke koyon aiki a garejinmu.

Duk bakanike da direba sun san yadda abin yake tafiya. Mota ta ƙi tashi da safe, sai a ce batir ne, a sayo. Bayan kwana biyu ta sake ƙi, sai a ce kik ne, a kwance a kai wa mai riwaya. Daga nan sai fulogi, sai famfon mai, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ɗora wa ƙwaƙwalwar mota laifi, wadda ita ce mafi tsada. Kuskuren wannan hanya a fili yake: ƙin tashi alama ce, ba sunan cuta ba, kuma dalilai da dama da ba su da alaƙa da juna suna iya haifar da ita. Don haka tambayar farko da za a yi ba ta buƙatar ko sisi. In an murɗa makulli, injin yana juyawa ko ba ya juyawa? In ba ya juyawa, ko yana juyawa da kyar, matsalar tana tsakanin batir, wayoyi da kik, babu ruwan fulogi ko famfon mai. In kuwa yana juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, to batir da kik sun fita daga zargi. Wannan rabon kaɗai ya isa ya hana a sayi rabin kayan da ake saya a banza.

Mu ɗauki na farko, domin a nan ne yanayin Legas ya fi yin ɓarna. Batir mai lafiya da ya cika, in ya huta, mita tana nuna kimanin bolt 12.6, in ta nuna 12.2 rabinsa ya tafi. In ta faɗi ƙasa da 12 to a sauke yake. Lokacin da ake murɗa makulli bai kamata ya nutse ƙasa da kimanin 9.6 ba, in kuma injin ya tashi, altaneta mai aiki za ta ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.5. Awo uku ke nan, ba su kai minti biyar ba, amma suna bambance batir da ya mutu da batir da ba a ciyar da shi. Bambancin yana da muhimmanci ga motar da ke wuni a cunkoson gadar Ijora tsakanin tireloli da tankokin da ke jiran shiga Apapa. Injin yana aiki a hankali, fanka tana juyawa, fitilu da rediyo a kunne, tsohuwar altaneta kuwa a irin wannan gudun ba lallai ta mayar da abin da ake zuƙa ba, balle in bel ɗinta ya saki. Wanda ya saya wa irin wannan mota sabon batir bai yi magani ba, ya dai jinkirta ciwon ne, kuma sabon ma zai lalace da wuri, domin batirin dalma da ruwan asid ba ya jure zama a sauke.

Akwai abin da ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne hanyar da wutar ke bi. Kik ɗin ƙaramar mota yana jan wuta mai yawan gaske, amfiya ɗari ko fiye, a cikin 'yan daƙiƙu. Duk wannan wutar sai ta ratsa kan batir, ta bi babbar waya zuwa kik, sannan ta komo ta jikin injin da wayar at. Ijora tana kwance ne a fadama kusa da ruwan teku, iskarta na ɗauke da laima da gishiri, kuma waɗannan biyun su ne abincin tsatsa da koren dattin nan da ke taruwa a kan batir. Ɗan tsatsan da ba zai hana fitila haske ba yana iya hana kik juyawa, saboda asarar da ake yi a mahaɗi tana ƙaruwa ne gwargwadon yawan wutar da ke wucewa. Shi ya sa za ka ga fitilun dashbod sun kama sarai, an murɗa makulli an ji ƙas sau ɗaya, shi ke nan. Ido ba ya ganin wannan, domin sau da yawa ruɓar tana cikin rigar wayar ne. Mita tana gani. A ɗora tsinkenta ɗaya a kan batir, ɗaya a kan kik, a murɗa makulli: in ta nuna abin da ya haura rabin bolt, wutar tana zubewa a hanya. A maimaita tsakanin ɗaya kan batirin da jikin injin don duba at. Maganin a nan goge mahaɗi ne, ko ɗaure noti, ko canza guntun waya. Abin takaici shi ne, in aka kwance kik mai lafiya aka sa wani, hannun da ya kwance ya ɗaura yakan goge tsatsan ba da niyya ba, motar ta tashi, kowa ya tafi da yaƙinin cewa kik ne ya mutu. Ta haka kuskure ke zama ilimi a gareji, a koya wa yara shi.

Idan injin yana juyawa bai kama ba, abu uku ake nema bi da bi: tartsatsin wuta a fulogi, mai, da matsi a cikin silinda a lokacin da ya dace. A motar injekta, da an buɗe makulli famfon mai yakan yi ɗan gurnani na kamar daƙiƙa biyu. In ba a ji ba, a fara duba fis da rile kafin a sauke tanki. Motar da ke tashi lafiya da safe amma ta ƙi in ta yi zafi, ta kuma tashi bayan ta huce, tana nuni ga na'urar da ke karanta juyin kirankishaf ko koyil, domin zafi na buɗe tsagar da ke cikinsu. Shi kansa man ma abin tuhuma ne. A Fabrairun 2022 hukumomi sun amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, ya kuma isa gidajen mai a Legas. Sannan tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa kusan 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce nan, direbobi da yawa sun koma sayen 'yan litoci. Famfon da ke cikin tanki kuwa da man yake sanyaya jikinsa, tafiya kullum a ƙasan tanki tana gajarta ransa. Ga kuma damina: motar da ta mutu a cikin ruwan da ya kwanta a Ijora Badiya kada a sake murɗa mata makulli sai an cire fulogi an tabbatar ruwa bai shiga silinda ba. Ruwa ba ya matsuwa, ƙarfen fistin ne zai lanƙwashe, ƙaramin gyara ya koma sauke inji.

Na san za a ce tsohon bakanike da ya shekara talatin yana aiki ba ya buƙatar mita, kunnensa ya ishe shi. Akwai gaskiya a ciki, kuma ban raina ta ba: kunnen gwani yana rarrabe ƙas guda da ƙas-ƙas-ƙas a jere, yana jin injin da taimin bel ɗinsa ya tsinke domin juyinsa ya yi sauri babu nauyi. Amma kunne yana taƙaita zargi ne, ba ya yanke hukunci. Ƙas guda ɗaya zai iya zama raunin batir, ko tsatsa, ko cinyewar burushin kik, ko ƙonewar mahaɗin solinoyid, duk sautinsu kusan ɗaya. Kuma kunne ba ya gaduwa cikin sauƙi. Sai yaro ya shekara da shekaru kafin ya same shi, alhali karanta mita ana koyonsa a mako guda. Wasu kuma za su ce zamani ya wuce nan, a jona kwamfuta ta faɗi komai. Tsarin OBD-II ya zama dole a Amurka daga 1996, a Turai kuwa sai wajen 2001 ga motocin fetur, saboda haka Golf 2 mai kafireto ba ta san da shi ba, wasu tsofaffin kuma sai da na'ura ta musamman. Ko a motar da ke da shi, lambar da ta fito tana nuna layin da ke da matsala ne, ba ta ce a canza kaya ba. Lambar da ta ambaci wata na'ura tana iya fitowa saboda tsinkakkiyar waya ko ƙarancin wutar batir.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kasuwa. Kasuwar kayan mota ta Ladipo tana nan a Mushin, babu abin da ba a samu, me zai hana a sayo a gwada? Amsa ta farko, araha ba ta ado, kuma arahar ma ta ragu tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023. Ta biyu ta fi nauyi: kayan tokumbo shi ma tsoho ne, ba a san lafiyarsa ba. In aka sa shi motar ba ta tashi ba, ba a koyi komai ba, domin ko dai ba nan cutar take ba, ko shi ma matacce ne. An ƙara duhu a kan duhu, ga kuɗin mota zuwa Ladipo da dawowa, ga wunin aiki da direba ya rasa, ga balas ɗin mai mota yana jira. Gwaji da kaya yana da amfani a wuri ɗaya kawai, wato in an aro wanda aka tabbatar yana aiki daga wata motar, bayan awo ya riga ya nuna wajen.

To me ya sa canji ya rinjayi awo, alhali mita ba ta kai kuɗin batir ba ko kusa? A ganina ba jahilci ba ne, kuma ba ha'inci ba ne a mafi yawan lokuta. Yadda muke biyan aiki ne. Bakaniken da ya ɓata rabin awa yana awo, ya gano sakakken noti ya ɗaure, mai mota zai ce ai ba ka yi komai ba, ya miƙa masa na ruwa. Wanda ya kwance kik ya baje shi a ƙasa, hannunsa ya yi baƙi, shi ake ganin ya yi aiki. Muddin haka abin yake, mai gaskiya ne ke kwana da yunwa. Za a ce masu mota ba za su yarda su biya kuɗin dubawa ba, amma su ɗin ne ke biyan kuɗin gwajin jini kafin a rubuta musu magani, ba sa cewa an cuce su. Abin da ya rage shi ne su ga abin da suka biya. Saboda haka nake roƙon rassan ƙungiyar kanikawa ta NATA da ke yankunanmu, tare da shugabannin direbobi, su tsayar da kuɗin bincike sananne, wanda za a cire daga kuɗin aiki in a garejin aka yi gyaran. A madadinsa bakanike ya nuna wa mai mota mita da idonsa, ya rubuta masa lambobi huɗu a takarda: batir a hutu, batir lokacin murɗa makulli, caji bayan injin ya tashi, da asarar da aka samu a waya. Tsohon kayan da aka cire a mayar wa mai shi. Kuma kada a yaye yaro daga gareji sai ya yi waɗannan awon huɗu a gaban maigidansa, a kan motar da bai taɓa gani ba.