Kafin a Kwance Nozul, a Bi Hanyar Iska

 An ba kwamitin sufuri ɗan lokaci, mun kuma zaɓi mu yi magana a kan abin da ke cin ribar mambobi a ɓoye: motar gas da ta rasa ƙarfi. Mu nan gas muke cewa, ku na ƙetare kuna cewa gazuwal. Man ɗaya ne, ciwon ma ɗaya.

Kowa ya san yadda abin ke farawa. Mota ta ɗauki kayan da ta saba ɗauka, amma ɗan tudu kaɗan sai direba ya rage giya. A taka totur ta yi nishi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanta. Man da a da yake kai ta Maraɗi daga Katsina ta dawo, yanzu sai an ƙara a Jibiya, ga shi tun 2022 kuɗin gas a Najeriya ya wuce ninki biyu. Da an shiga gareji, kalmar farko da za a ji ita ce nozul, ta biyu famfon mai. Su ne kuwa masu tsada, kuma sau da yawa ba su da laifi.

Injin gas ba ya jiran tartsatsin fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, a fesa mata mai ya kama da kansa. Lita ɗaya ta gas tana buƙatar iska kusan lita 10,000 kafin ta ƙone sarai. Saboda haka baƙin hayaƙi abu ɗaya yake faɗi: mai ya fi ƙarfin iska. Ko dai man ya yi yawa, ko iskar ta gaza. A hanyoyinmu na burji da ƙura, mu dai iskar muke fara tuhuma, don dubanta ba ya cin ko sisi.

Iska tana shiga ta iya-kilina, ta bi babban tiyo zuwa turbo, turbo ya matsa ta, ta ratsa intakula, wato ƙaramin lagireton nan na gaba da ke sanyaya ta, sannan ta faɗa inji. Turbo ne ya raba hanyar gida biyu, kuma ɓular kowane gida da irin tata ɓarnar.

Daga turbo zuwa inji iskar a matse take, kusan rabin wadda mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota. In tiyo ya tsage ko kilif ya saki a nan, iska waje take gudu. Za a ji huci ko fito idan an taka da kaya, amma a silo shiru, don turbo bai fara matsa ba. Shi ya sa bakanike zai saurari mota a tsaye ya ce lafiyarta ƙalau, kuma ba ƙarya ya yi ba. A motoci masu ƙwaƙwalwa, irin Hilux D-4D da Sharon mai injin 1.9 TDI, akwai na'urar da ke ƙirga iska tun daga bayan iya-kilina. Sai a ba da mai daidai da iskar da aka ƙirga, alhali wani kaso ya zube a hanya. Wani lokaci ƙwaƙwalwar ta lura matsi ya gaza, ta rage ƙarfin motar da kanta. A kashe a kunna ƙarfi ya dawo, bayan 'yan kilomita ya sake tafiya. In an sa mata kwamfuta ta nuna P0299, matsin turbo ne bai kai ba. Ba ta ce turbo ya mutu ba, kada a yi saurin sayen wani.

Ɓular tana barin shaida. Kullum akwai ɗan tururin baƙin mai da ke bin iskar, don haka inda take fita sai wurin ya yi danshi, ƙura ta manne. A bar inji ya huce, a bi kowace mahaɗa da tocila, a matsa kowane tiyo da hannu, musamman ƙarƙashinsa da cikin lanƙwasa, inda tsaga ke rufewa sai an taka ta buɗe. A duba intakula, don tsakuwa na huda shi. In ido bai gani ba, a kashe mota, a toshe bakin tiyon da ke shiga turbo da murfi mai bawul ɗin taya, a ba shi iska kaɗan, kada ta kai rabin ta taya, a yayyafa ruwan omo. Inda ya yi kumfa, nan ne.

Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce ɓular da ke tsakanin iya-kilina da turbo. Ba ta huci, ba ta rage ƙarfi da farko, don a nan inji zuƙa yake yi. Abin da yake zuƙa kuwa ƙurar hunturu ce da ba a tace ba. Fukafukan turbo suna juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, yashi na gogar su, ya wuce ya ci ringi da silinda. Tsofaffin Hiace masu injin 3L da 5L ba su da turbo, amma wannan ciwon bai bar su ba. Ranar da mai mota zai farga, ta fara shan baƙin mai, tana shuɗin hayaƙi, sai maganar sauke inji. Gwajin kuwa na yara ne: a cire iya-kilina, a goga farin ƙyalle cikin tiyon da ke bayansa. In ya fito da ƙura, akwai inda take shiga, ko tsaga, ko murfin da bai zauna ba, ko iya-kilina mai araha da robarsa ba ta kama.

Direbobinmu, ku yi haƙuri da wannan. Buga iya-kilina a jikin taya da hura shi da iskar mai faci suna yaga takardarsa ta inda ido ba ya gani. Cire shi gaba ɗaya don mota ta ja ya fi komai muni. In ya toshe, canji ne maganinsa. Masu motocin da suka daɗe a ajiye lokacin da aka rufe iyaka daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, da duk wanda ya saya daga irinsu, a duba da kyau: roba na bushewa a rana, ɓera kuma na sheƙa a gidan iya-kilina.

Kada a haɗa wannan da abin da kanikawa ke cewa mota ta sha iska. Waccan iskar cikin layin mai take shiga. Alamarta wuyar tashi da safe, fizga da mutuwa a hanya, ba baƙin hayaƙi ba, kuma in an sa ɗan tiyo mai haske a layin za a ga ƙwayoyin iska na bin man. Kada kuma a yarda wani ya fesa fetur a jikin tiyo don neman ɓula kamar yadda ake yi wa motar fetur. Injin gas na iya zuƙarsa ya zabura. Tsumma da hannu su yi nisa da bakin turbo muddin inji na aiki.

In hanyar iska ta fita tsaf, sai a duba siraran tiyon da ke sarrafa turbo, da bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, wanda kan maƙale a buɗe, da filtar mai. Bayan su ne layi ya zo kan nozul. Duk motar da za ta ƙetare ta Illela, Kongolam ko Maigatari, a sa mata kilif biyu ko uku da tiyo ɗaya na ajiya. Ɗaurin roba zai iya kai mutum gari na gaba, amma ba zai kai shi kasuwar mako mai zuwa ba. In za a sayi sabo, a tafi da tsohon a hannu, don injin Sharon kala-kala ne, tiyon wani ba ya shiga wani.