Birki da Sifirin

Jama'a, mun sha ganin manyan motocin nan masu shiga daji, waɗanda matafiya ke kwana a ciki. Ga gado, ga tankin ruwa. Duk nauyin nan sifirin ke ɗauka, birki ke tsai da shi.

Gargada tana kwance noti. Saboda haka kowace safiya mu leƙa ƙarƙashin mota, ko sifirin ya tsage. In mun ƙetare rafi, birki ya jiƙe, ba ya ci sosai, sai mu riƙa taka shi a hankali har ya bushe. A gangare mu sa ƙaramar giya, gama birki in ya yi zafi ƙin ci yake yi, ga rayuka a cikin mota. Man birki kuwa yana shan ruwa, a canja shi duk shekara 2.