Bushewar Baki Bayan Gashin Ciwon Kansa: Ina Aka Kwana Kan Ƙwayoyin Asali?



Mai lafiya yakan samar da yawu rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kullum, bai ma san yana yi ba. Sai an yi wa mutum gashi da haske saboda kansar baki, harshe ko maƙogwaro yake gane darajar wannan ruwa. Hasken da ke ƙone ciwon ba ya ƙyale maɓuɓɓugan yawu da ke gaban kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi. Ciwo ya tafi, amma a bar bawan Allah da gorar ruwa a hannu duk inda ya nufa. Loma ba ta wucewa sai da kurɓa, cikin dare ya farka harshe ya manne wa ganɗa, haƙora kuma su soma ruɓewa, don babu yawun da ke wanke su. Maganin pilocarpine yana zaburar da abin da ya rage ne kawai, ba ya tayar da wanda ya mutu.

Wannan ya sa masana suka juya ga ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda jiki ke gyara kansa da su. A asibitin Rigshospitalet na birnin Kofanhegan a Denmak, an tace irin waɗannan ƙwayoyi daga kitsen majiyyaci, aka raine su, aka yi masa allurarsu a maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙi. Gwajin farko, wanda aka wallafa a 2018, ya ƙunshi mutum 30, kuma yawun waɗanda suka samu ƙwayoyin ya ƙaru da kusan rabi bayan wata huɗu. Amma da aka faɗaɗa gwajin zuwa mutum 120, da ƙwayoyin da wasu suka bayar, sakamakon 2024 ya rage murna: yawu ya ƙaru, sai dai tazarar da ke tsakaninsu da waɗanda aka yi wa allura marar ƙwayoyi ba ta kai a kafa hujja da ita ba.

A Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan kuwa, Farfesa Rob Coppes da abokan aikinsa wata hanya suka bi. Kafin a fara gashi sai a yanki ɗan naman maɓuɓɓugar, a raini ƙwayoyinsa, bayan an gama a mayar wa mai shi. Sun nuna hakan na aiki a jikin ɓeraye tun 2008, amma sai a 2022 aka yi wa mutum na farko. Shekara 14 ke nan tsakanin ɓera da ɗan Adam.

Saboda haka, jama'a, wannan magani yana matakin gwaji ne har yanzu. Duk wanda ya nemi kuɗinku da sunan ya riga ya tabbata, ku kama aljihunku. Likitocinmu kuma, a tura majiyyaci wurin likitan haƙori kafin gashi, a kuma tsara hasken yadda zai kauce wa maɓuɓɓugan yawu gwargwadon iko. Rigakafi ya fi magani.